Yadda ake gano manhajar da ke cinye ƙarfin kwamfuta

Ƙorafi ne da ake yawan ji a ofisoshin gwamnati da shagunan 'yan kasuwa: kwamfuta ta yi nauyi. An danna fayil ya ƙi buɗewa, fanka tana ta ƙugi, gindin na'urar ya ɗau zafi, batirin da ya saba kai awa uku ya mutu cikin awa guda. A irin wannan hali, akawun da ke haɗa jadawalin albashi a ƙarshen wata, ko mai shagon da kwastoma ke tsaye a kansa yana jiran rasit, yakan yanke hukunci nan take cewa na'urar ta tsufa ko bairos ya shige ta. Daga nan sai wurin mai gyara. A yi fomatin, wani lokaci a rasa takardun shekaru, ko kuma a ciro kuɗi masu kauri a sayi wata.

Sau da yawa ba a buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowace kwamfuta tana riƙe da lissafin yadda take kashe lokacinta, kuma tana nuna wa duk wanda ya nema sunan manhajar da ta fi cin wannan lokaci. Buɗe lissafin ba ya kai minti ɗaya. Karanta shi daidai ne ke buƙatar ɗan sani, domin lambobin da ke ciki suna iya ruɗar mutum ya rufe abin da bai ji ba bai gani ba, ya bar mai laifin yana ci gaba da ɓarna.

Abin da ake aunawa

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin guntu da ke yin dukkan lissafi, shi ne ake kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma a kan allo ana rubuta shi da haruffa uku, CPU. Ƙwaƙwalwar da aka rubuta mata 3 GHz tana bugawa sau biliyan uku a daƙiƙa ɗaya. Duk da wannan sauri, kowane sashe nata aiki ɗaya ko biyu kawai yake iya riƙewa a lokaci guda, alhali kwamfutar da aka kunna yanzu, ko ba a buɗe komai ba, tana ɗauke da ayyuka sama da ɗari da ke gudana a bayan fage: mai kula da sauti, mai kula da intanet, mai gadin bairos, mai jiran firinta da sauransu.

A ɗauki misalin mai injin niƙa da jama'a suka yi wa layi, kowa da kwanonsa. Maimakon ya gama wa na farko kafin ya karɓi na biyu, sai ya riƙa ɗiban tafi ɗaya daga kowane kwano yana niƙawa, yana zagayawa da saurin da ido ba ya iya bi, har kowa ya ɗauka shi kaɗai ake yi wa aiki. Haka Windows ke raba lokacin ƙwaƙwalwa. Kowane aiki yana samun ɗan yanki na daƙiƙa, sannan a janye shi a ba wani. Mafi yawan ayyukan nan ɗari ma ba sa cikin layi, barci suke yi, sai an taɓa madanni ko saƙo ya shigo su farka na ƙiftawar ido su koma. Saboda haka lafiyayyar kwamfuta da ba a aiki da ita takan nuna kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ne kawai, ko ɗan sama da haka.

Wannan lissafi tsoho ne. A shekarun 1960, lokacin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki kuma mutane da yawa ke amfani da ita tare, da lokacin ƙwaƙwalwa ake auna kuɗin da kowane sashen jami'a ko kamfani zai biya. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren farko na irin wannan rabo shi ne wanda Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gwada a jami'ar MIT ta Amurka a 1961. A yau ba wanda ke kawo wa mai kwamfutar cinya takardar biya, amma yana biya ta wata hanya: a batir, a man janareto, da kuma lokacin da yake ɓatawa yana kallon allo.

Inda ake dubawa a Windows

Manhajar da ke nuna lissafin ita ce Task Manager, kuma tana zuwa ne tare da Windows, ba a saye, ba a saukewa. Wani injiniyan Microsoft mai suna David Plummer ne ya fara rubuta ta a gida, ta fito tare da Windows NT 4.0 a 1996, aka yi mata babban garambawul a Windows 8 a 2012. Hanya mafi sauri ta buɗe ta ita ce danna madannai uku tare: Ctrl da Shift da Esc. Idan ƙaramar taga ce ta bayyana, sai a danna “More details” a ƙasa.

A shafin farko, mai suna “Processes”, akwai jerin sunaye a hagu da layukan lambobi a dama. Idan aka danna kan layin da aka rubuta CPU, jerin zai shirya kansa daga mafi ci zuwa mafi ƙaranci. Lambobin suna sauyawa kowace daƙiƙa, sunayen kuma suna ta tsalle sama da ƙasa, abin da ke sa mutum ya kai hannu kan wannan ya danna wancan. Akwai dabarar da mutane ƙalilan suka sani: matuƙar an danne madannin Ctrl, jerin yana tsayawa cik har sai an saki.

Kada a yi hukunci da kallon farko. Buɗe Task Manager kansa aiki ne, don haka lambar takan yi sama na ɗan lokaci kafin ta sauko. A ba ta minti ɗaya ko biyu ana kallo. Manhajar da ta hau kashi 70 na daƙiƙa goma yayin buɗe babban fayil ɗin Excel, sannan ta sauko, aikinta take yi, don haka aka sayi ƙwaƙwalwar. Abin tuhuma shi ne wanda ya hau ya zauna, ba tare da an sa shi komai ba.

Akwai kuma suna guda da ya daɗe yana tsorata mutane. A shafin “Details” za a ga wani abu mai suna System Idle Process riƙe da kashi 90 ko 95. Wannan ba manhaja ba ce da ke cin komai. Ma'auni ne na lokacin da ƙwaƙwalwa ta yi zaune babu aiki, kuma yawansa alamar lafiya ce.

Tarkon kashi 25

A nan ne ake yawan kuskure, har a tsakanin masu gyara. Ƙwaƙwalwar zamani ba guda ɗaya ba ce dunƙule, an kasa ta sassa biyu, huɗu, takwas ko fiye, kamar injinan niƙa da yawa a ƙarƙashin rumfa ɗaya. A Windows, kashi 100 yana nufin dukkan sassan sun cika. To, akwai manhajoji da yawa, musamman tsofaffin manhajojin lissafin kaya da na akanta, da aka rubuta su ta yadda sashe ɗaya kawai suke iya amfani da shi. Idan irin wannan manhaja ta maƙale tana juyi a wuri ɗaya, za ta cika sashenta maƙil, amma a kwamfuta mai sassa huɗu kashi 25 kawai za ta nuna. A mai sassa takwas, kashi 12 ko 13.

Mai dubawa sai ya ga ƙaramar lamba ya wuce, alhali ita ce matsalar. Alamar gane ta ita ce rashin motsi. Aikin gaskiya yana hawa yana sauka. Lambar da ta kafe a 25, ko 13, ko 50 a kwamfuta mai sassa biyu, minti bayan minti, kusan kullum manhaja ce da ta ruɗe. Don tabbatarwa, a shiga shafin “Performance”, a zaɓi CPU, a danna ɓangaren dama na linzami a kan zanen, a sauya shi zuwa “Logical processors”. Zanen zai rabu gida-gida, kowane sashe da nasa, a ga inda nauyin ya taru.

Lamba ta biyu da ta fi muhimmanci ga mai neman sanin abin da ke cinye batir ita ce jimillar lokaci. Kashi cikin 100 yana faɗin abin da ke faruwa a wannan daƙiƙar ne kawai. A shafin “Details”, idan aka danna dama a kan jerin kanun layuka aka zaɓi “Select columns”, ana iya ƙara layi mai suna “CPU time”, wanda ke nuna awanni da mintunan da kowane aiki ya ci tun lokacin da ya tashi. Bambancin yana da girma. A kwamfuta mai sassa huɗu, manhajar da ta yi tsalle zuwa kashi 80 na rabin minti ta ci kimanin daƙiƙa 96 na lokacin ƙwaƙwalwa. Wadda ta lafe a kashi 5 tun ƙarfe takwas na safe har huɗu na yamma ta ci kimanin minti 96, wato ninki sittin, kuma ba ta taɓa hawa saman jerin da ido zai kama ta ba. Wanda ke son matsakaici tsakanin biyun sai ya buɗe Resource Monitor, wanda ke da layin da ke nuna matsakaicin cin kowane aiki a minti ɗaya da ya wuce.

Sunayen da aka fi gani a sama

Idan aka yi ta duba kwamfutoci, sunaye kaɗan ne ke maimaituwa, kuma yawancinsu na gida ne.

Antimalware Service Executable shi ne mai gadin da ke zuwa tare da Windows, wato Microsoft Defender. Yakan hau sama yayin da yake binciken fayiloli, ko lokacin da aka kwafo kaya masu yawa daga filash. A bar shi ya gama. Matsala takan taso ne idan aka tara manhajojin kariya biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, da tunanin yawansu ƙarin tsaro ne. Kowacce sai ta riƙa binciken abin da ɗayar ta taɓa, ƙwaƙwalwa ta ƙare a tsakaninsu. Ɗaya mai sabuntuwa ta wadatar.

Windows Modules Installer Worker shi ne mai girka sabuntawa. Microsoft yana fitar da manyan gyare-gyarensa ne a Talata ta biyu ta kowane wata, da yamma agogon Najeriya, shi ya sa ranar Laraba da safe kwamfutocin ofis da dama ke tashi da nauyi. Kwamfutar da ta yi watanni ba ta ga intanet ba, ranar da aka haɗa ta za ta iya shafe awanni tana biyan bashin sabuntawa. Kashe ta da ƙarfi a tsakiyar wannan aiki ya fi jiran haɗari, kuma a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, gara a fara shi da cikakken batir.

Service Host kuwa suna ne da za a gani sau da yawa a jere, har wasu su ɗauka bairos ne ya hayayyafa. Rumfa ce da ƙananan hidimomin Windows ke fakewa a ƙarƙashinta, kuma ɗan kibiyar da ke gefen kowanne yana nuna hidimar da ke ciki. Shi ma System interrupts ba manhaja ba ce, lokacin da ƙwaƙwalwa ke kashewa ne wajen amsa kiran kayan da ke jikin kwamfutar. Idan ya zauna a sama, a cire abubuwan da aka jona ɗaya bayan ɗaya, firinta, modem, filash, linzami, a ga wanda cirewarsa ke saukar da lambar.

Sai burauza, wadda a yau ita ce babbar mai ci a yawancin kwamfutoci. Tun fitowar Chrome a 2008 aka tsara shi ta yadda shafuka ke gudana a matsayin ayyuka daban-daban, domin idan ɗaya ya mutu kada ya ja sauran. Wannan ne ya sa ake ganin lamba kamar 20 ko 30 a gaban sunansa. Task Manager zai ce Chrome ne ke ci, amma ba zai faɗi wane shafi ba. Chrome da Edge suna da nasu ma'aunin a ciki: a danna Shift da Esc alhali burauzar tana buɗe, za a ga kowane shafi da kowane ƙarin da aka liƙa mata, da abin da yake ci. Sau da yawa shafi ɗaya ne, mai cike da tallace-tallace masu motsi, da aka buɗe tun safe aka manta da shi.

Idan baƙo ne

Wani lokaci zargin bairos gaskiya ne, kuma akwai nau'in ɓarnar da lokacin ƙwaƙwalwa shi ne ainihin abin da take sata. Haƙar kuɗin kirifto, wadda matasa ke kira mainin, lissafi ne mai cin wuta, don haka ɓarayi suka gano cewa ya fi riba su yi shi da kwamfutocin mutane. A watan Satumban 2017 wani kamfani mai suna Coinhive ya fito da ɗan rubutun da ake sakawa a shafin intanet, wanda ke sa kwamfutar duk mai ziyara ta riƙa haƙar kuɗin Monero. Nan da nan masu kutse suka fara dasa shi a shafukan da ba nasu ba. A watan Fabrairun 2018 ya shiga shafuka sama da 4,000 a rana ɗaya ta hanyar wata manhajar karanta rubutu ga masu larurar gani, ciki har da shafin kotunan tarayyar Amurka da na hukumar kare bayanai ta Birtaniya. Coinhive ya rufe a watan Maris na 2019, amma sana'ar ba ta mutu ba. A 2021 kamfanin Avast ya ba da rahoton wata manhajar ɓarna da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye a cikin wasannin kwamfuta na sata, tana kashe manhajar kariya sannan ta hau haƙa, kuma ta kama kwamfutoci sama da 200,000.

Darasin ya shafi duk inda aka saba girka Windows da Office na sata a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ya yi fomatin don gudun bairos, aka sake zuba masa manhajojin da ba a san asalinsu ba, yana iya zama ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

Idan aka ga suna baƙo a saman jeri, a danna dama a kansa. “Search online” zai nemo bayaninsa a intanet, “Open file location” kuma zai nuna inda fayil ɗin yake zaune. Wannan na biyun ya fi tona asiri, domin manhajar ɓarna takan ari sunan na gida ko ta sauya harafi ɗaya. Svchost na gaskiya yana cikin foldar System32 da ke cikin foldar Windows. Wanda aka samu da wannan suna a foldar Temp ko Downloads, sojan gona ne. Wasu daga cikin masu haƙar ma an koya musu su lafe da zarar an buɗe Task Manager. Alamarsu ita ce fanka ta yi ta ƙugi, ana buɗe ma'aunin ta yi tsit, ana rufewa ta dawo. A nan sai cikakken bincike da manhajar kariya, ko a nemi Process Explorer, manhajar kyauta da Mark Russinovich ya rubuta, wadda ta koma hannun Microsoft a 2006, kuma take nuna wane aiki ne ya haifi wane.

Kafin a danna “End task”

Maɓallin rufe aiki yana da amfani, amma ba ya tambaya sau biyu. Duk abin da ba a adana ba a cikin manhajar da aka rufe ya tafi. Ga manhajar lissafin kaya ko ta albashi da ke tsakiyar rubuta bayanai, rufewar ƙarfi tana iya lalata fayil ɗin gaba ɗaya, don haka idan ta nuna ba ta amsawa, a fara ba ta mintuna kaɗan, musamman idan lambarta tana motsi. Akwai kuma ayyukan da Windows ba ya rayuwa sai da su, irin su csrss da wininit da lsass. Taɓa su yana iya kashe kwamfutar. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce mutum ya rufe abin da ya san shi ya buɗe, sauran ya bincika tukuna. A Windows 11 akwai tsaka-tsaki, “Efficiency mode”, wanda ke mayar da manhaja ƙarshen layi ba tare da an rufe ta ba, ana gane shi da ɗan koren ganye a gefen sunan.

Rufe aiki kuma sau da yawa kashe maciji ne ba a sare kansa ba, gobe da safe zai dawo. Shafin “Startup” yana nuna manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, tare da nauyin kowacce. Manhajojin taron bidiyo, na kiɗa, na saukar da fayiloli da makamantansu suna son saka kansu a nan ba tare da an gayyace su ba. Hana su tashi ba ya goge su, suna nan duk ranar da aka buƙace su.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: tun daga Windows 8, “Shut down” ba ya kashe komai da komai. Yana adana zuciyar tsarin ne a faifai domin tashin gobe ya yi sauri, don haka wata matsalar takan kwana ta tashi tare da kwamfutar. “Restart” ne ke wanke komai. A shafin “Performance” akwai agogo mai suna “Up time”. Ma'aikacin da ke kashe kwamfutarsa kullum da yamma zai iya mamakin ganin kwana 20 a wurin.

Lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta da laifi

Amfanin ma'aunin bai tsaya ga kama mai laifi ba, yana kuma wanke wanda ake zargi. Idan kwamfuta tana jan ƙafa amma CPU yana ƙasa da kashi 30, a dubi layukan da ke kusa. Layin “Memory” yana nuna ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke shimfiɗa aikinsu a kai. Idan ya haura kashi 90, kwamfutar ta fara kwashe kaya tana kaiwa faifai tana dawowa da su, kuma a nan ƙarin ram zai yi magani. Idan layin “Disk” ne ke kafe a 100, musamman a kwamfuta mai tsohon faifai mai juyawa, sauya shi da SSD ya fi kowane gyara tasiri, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba. Wanda ya sayi ram alhali matsalarsa faifai ce, ko akasin haka, ya yi asarar da kallon minti biyu zai hana.

Sai zafi, wanda a Arewa ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙwaƙwalwa tana da iyakar da ba ta yarda ta wuce, kusan digiri 100 a yawancin na zamani, kuma idan ta kusanto shi takan rage saurinta da kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. A wannan yanayi aikin da ya saba tafiya cikin sauƙi sai ya yi nauyi, ba don ya ƙaru ba, sai don injin ya rage gudu. Task Manager ba ya nuna zafin ƙwaƙwalwa, amma yana nuna saurinta. A shafin “Performance” a kwatanta “Speed” da “Base speed”. Idan ana cikin aiki mai nauyi amma saurin ya faɗi ƙasa ƙwarai, har ƙasa da 1 GHz, to a buɗe na'urar a share ƙura, a duba fanka, a daina ɗora ta a kan katifa ko kafet. Caja marar ƙarfi ko wadda ba ta dace ba ita ma tana sa wasu kwamfutocin rage gudu, haka ma tsarin tanadin batir.

A sauran na'urori

Masu kwamfutar Apple suna da Activity Monitor, masu Linux kuma suna da umarnin top, wanda asalinsa William LeFebvre ya rubuta a 1984, da ƙaninsa htop na Hisham Muhammad ɗan Brazil, wanda ya fito a 2004. Lissafinsu ya bambanta da na Windows: a wurinsu kashi 100 sashe ɗaya ne, don haka ganin kashi 250 ko 380 ba kuskure ba ne, manhajar tana aiki da sassa uku ko huɗu ne.

Wayar Android kuwa ba ta da irin wannan taga ga mai amfani na yau da kullum, kuma tun daga Android 7 na 2016 aka hana manhajoji leƙen ayyukan junansu. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da manhajojin da ke alkawarin sanyaya waya ko ƙara mata gudu da dannawa ɗaya, yawancinsu tallace-tallace suke kawowa, su ma su ci nasu rabon. Abin dogaro shi ne shafin batir a cikin saitin wayar, inda ake jera manhajoji gwargwadon cajin da kowacce ta sha.

Ga ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa

Kwamfutar ofis ba ta mai zama a gabanta ba ce, kuma wasu daga cikin baƙin sunayen da zai gani sashen kula da na'urori ne ya girka su da gangan, don tsaro ko adana bayanai. Abin da ya dace shi ne ya ɗauki hoton allon, ya rubuta sunan aikin, da lambar da ya kai, da lokacin da abin ke faruwa, ya miƙa. Rahoton da ya ce wani aiki mai suna kaza yana zama a kashi 25 kullum bayan ƙarfe goma ya fi “kwamfutata ba ta yi” saurin samun magani. Haka ma mai shago idan zai kai tasa gyara: wanda ya zo da suna da lamba, da wuya a fara yi masa maganar fomatin.

Ma'aunin yana da rana kuma a wurin ciniki. Mai sayen kwamfuta ta hannu, a Farm Centre ta Kano ne ko Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja, zai iya neman a kunna masa ita ya buɗe shafin “Performance”. A saman zanen an rubuta ainihin sunan ƙwaƙwalwar, sai ya kwatanta da takardar da aka manna a jikin na'urar. Ya bar ta mintuna kaɗan babu aiki ya ga inda lambar ta kwanta, sannan ya buɗe bidiyo da shafuka da yawa ya ga ko saurin zai riƙe ko zai zube. Ya kuma lura da lambar da ke bin sunan: a i5-6300U, 6 ɗin farko yana nufin zubi na shida, a i5-8250U kuma zubi na takwas. Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar kyauta ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma jerin ƙwaƙwalen Intel da ya amince wa Windows 11 ya fara ne, ban da 'yan kaɗan, daga zubi na takwas.